Ba a Yi wa Sufana Waya

Duk wanda ya ce maku ya san sanyi don ya taɓa kwana a Jos, ku ba shi kujera ya zauna, yaro ne. Ni Bulus, wanda 'yan reluwe na Kafanchan suka sani da Aji Huɗu, na je har inda ake ƙera sanyin, na gan shi da idona, kuma har yau gwiwata ta hagu ba ta yafe mini ba. Sunan nan kuwa ba zagi ba ne, takardar shaida ce. A aji huɗu na firamare ni da boko muka rabu cikin mutunci, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. In kun ga rubutun nan ya karkace, ku yi haƙuri, da abin da aka samu ake yin miya.

Wanda ya laƙaba mini sunan shi ne Emeka, Ibo haifaffen kwatas ɗin reluwe, makanike a loko, inda ake gyaran injunan jirgi. Ni ina canza wa jirgi layi, shi yana kwance masa hanji. Na rama, na sa masa Sufana. Shekara arba'in da ɗoriya muna da wata al'ada da ta gagari matanmu. In ya zo gidana hira ya tashi tafiya, sai in taka masa. Mu isa ƙofarsa magana ba ta ƙare ba, sai ya ce ai ba zai bar ni in tsallake layin dogo ni kaɗai ba, ya juyo ya rako ni. Ni ma in ce ban yarda ba. Marigayiya matata Hannatu takan ce, "Ku biyun nan, ranar da ɗaya ya mutu ban san yadda za a yi jana'iza ba, don tashi zai yi ya rako ɗan'uwansa gida."

Da matarsa ta rasu, ɗansa Chidi ya ɗauke shi zuwa Kanada, wani gari wai shi Winifeg. Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci sai wayata ta yi ƙara, ya zage ni son ransa, in zage shi, mu yi sallama. Sai kiran ya koma wata-wata. Sai ya tsaya cak. Shekara ɗaya da rabi ban ji muryarsa ba. In na sa an rubuta wa Chidi saƙo, amsa ɗaya ce: Dadi yana lafiya, yana gaisuwa. Sufana bai taɓa gaishe ni ba tunda aka haife shi. Na ce a raina, to, mutumin nan ya sha madarar Turawa ya manta koko. Na ƙulla abin na ajiye.

'Yata Saratu nas ce a Toronto. Ta kawo ni a gyara mini ido, aka gyara, har na fara ganin abin da bai shafe ni ba. Saura kwana goma in koma gida na ciro wata tsohuwar ambulan ta katin Kirsimeti, na ajiye mata a tebur.

Ta karanta adireshin ta ɗago kai. "Baba, kwana uku ne fa a mota. Kuma Janairu muke."

"Na taɓa bin jirgin kaya daga Kafanchan zuwa Fatakwal a kan buhunan citta."

"Mu bi jirgin sama mana."

"Wanda ya kawo ni ya ishe ni. Kuma akwai Garba, yaronmu na Kafanchan, a hanya, ba a wuce ɗan mutum ta sama."

Ta yi lissafin aikinta. Mako ɗaya za su ba ta: uku zuwa, uku dawowa, ɗaya a tsakiya. Ta ɗauki waya. "To bari in kira Chidi."

"Ajiye."

"Baba, nan ba a faɗo wa mutane haka."

"Wanda ya yi waya kafin ya zo, baƙo ne. Ni ban taɓa yin sallama a gidan Sufana ba, ba zan fara da tsufana ba. So nake ya buɗe ƙofa ya gan ni, in ga inda zai ajiye idonsa."

Abin da na faɗa mata ke nan. Wanda ban faɗa ba, tsoro nake ji a ɗaga wayar a ce mini kada in zo.

Zangon farko ya fara da kwat ɗina. A gwanjon kasuwar Kafanchan na saye shi, mai kayan ya rantse mini da kabarin ubansa cewa na wani Bature ne da ya yi rayuwarsa kaf cikin ƙanƙara. Daga ƙofar Saratu zuwa mota taku goma sha biyu ne. A taku na biyar na gane abin da ya kashe Baturen. Saratu ta ɗora mini rigar mijinta a ciki, ta naɗe mini wuya, ta cusa ni a kujera kamar ƙunshin alale.

Muka yi ta tafiya. Fari a dama, fari a hagu, bishiyoyi baƙaƙe sun jeru kamar masu zaman makoki. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne babu kowa. A gida in mota ta tsaya a Jere ko Mararaban Rido, kafin direba ya ja birkin hannu kai goma sun shigo ta taga, mai ayaba, mai dafaffen ƙwai, mai wa'azi. Nan sai ka yi awa biyu ba ka ga ko akuya ba. In aka tsaya shan mai, kai za ka zuba da hannunka, ka gode wa kanka, ka tafi. Na tambayi Saratu ina mutanen ƙasar suke. Ta ce suna cikin gida. Na ce to masu hankali ne, mu ne ba mu da shi.

Ƙarfe huɗu rana ta fara tattara kayanta, muka shiga garin da Garba yake. Garba ɗan Alhajin da nake loda wa citta a tasha ne, a gabana ya yi rarrafe. Saratu ta ƙwanƙwasa. Ya buɗe da jaka a kafaɗa da takalman aiki, ya tsaya baki buɗe.

"Baba Aji Huɗu? La ilaha illallahu! Kai ne ko mafarki?"

Ya durƙusa nan bakin ƙofa ya riƙe hannuna, sanyi yana ta shiga masa gida. Ya tambayi mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka mutu. Sai ya dubi agogo, fuskarsa ta faɗi.

"Baba, wallahi ƙarfe biyar nake karɓar aiki a masana'anta, sai safe. Da na san kuna tafe da na yi musanya da wani tun jiya. Da na yanka kaza. Kai, wannan abin kunya da me ya yi kama?"

Ya damƙa mana makulli, ya nuna mana miyar kuka a firji, ya fita da gudu yana share ido. Na zo daga Kafanchan, na samu Garba na minti goma sha biyar. Da safe ya dawo ido jajir, muna shirin fita. Ya sa takalmi zai raka mu mota, Saratu ta hana shi. Ya tsaya bayan ƙofar gilashi yana ɗaga mana hannu kamar kifi a kwalba.

Da muka hau titi ta ce, "Baba, ka ga amfanin waya?"

Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Zango na biyu shi ne wanda ya ci mu. Hanya ta bi gefen wani tafki da suka ce ba teku ba ne, amma ni ban ga ƙarshensa ba. Wajen sha ɗaya sama ta haɗe da ƙasa. Dusar ƙanƙara ba daga sama take saukowa ba, daga gefe take zuwa, kamar wani yana watsa garin rogo da faranti. Saratu ta manne da sitiyari, ta daina amsa mini magana, sai leɓenta ke motsi. Na gane Zabura take ja. Na taya ta da wadda na iya, ita ma rabi. 'Yan sanda suka rufe hanya, suka kora mu wani gidan mai da manyan motoci suka cika.

A nan na sauka don in rage ruwa. Ƙafata ɗaya ta ce gabas, ɗaya ta ce yamma, na ji ni a ƙasa ina kallon sama. Shekara talatin da biyar ina tsalle tsakanin taragu ban taɓa faɗuwa ba, sai ga ni kwance a gaban banɗaki a ƙasar mutane. Wata mata ce ta ɗaga ni, direbar tirela, ƙatuwa, gashinta fari fat. Hannu ɗaya ta sa ta ɗauke ni kamar buhun dusa. Ta zaunar da ni ciki, ta dubi takalmana na zuwa coci, ta girgiza kai, ta fita. Ta dawo da safa mai kauri da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi. Ta durƙusa da kanta ta ɗaura mini.

Ba ni da abin ba ta. Sai na tuna da garin citta da acca da na ɗauko wa Sufana. Na buɗe ledar, ƙamshin ya bugi hancina, nan take na ga tashar Kafanchan da azahar, buhuna jibge, mata suna shanya a bakin layi. Sai da na juya fuska ga bango na ɗan lokaci. Na zuba mata rabin cokali na garin cittar a shayinta. Ta kurɓa, ta yi tari har hawaye, ta bugi tebur, ta miƙo kofin a ƙara. Na ce wa Saratu ta faɗa mata wannan na Fadan Kagoma ne, ba a ba yara.

Ba a buɗe hanya ba sai washegari. Matar ta ce mu bi bayan motarta, mu riƙe jan fitilunta da ido kada mu saki. Haka muka bi ta awa huɗu kamar 'yan tsaki. A wata mararraba ta danna mana oda sau biyu ta karkata. Ban san sunanta ba. Safarta tana cikin akwatina.

Kwanan nan da muka yi asara shi ne kwana ɗayan da ke tsakiya. Saratu ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, amma kowa ya iya ƙirga yatsunsa. In mun isa, yini ɗaya ma ba mu da shi cikakke.

Zango na uku ba abin da zan ce a kansa. Ƙasa ta baje kamar faranti, gwiwa ta kumbura, hita tana busa mini ƙafa kai yana daskarewa. Na gaji da zama, na gaji da burodi mai sanyi da ganye a ciki, na gaji har da fushin da na ɗauko. Na yi ta maimaita zagin da na tanadar wa Sufana don kada ya huce, amma kowane gari muka wuce sai in ji ya rage nauyi.

Rana ta huɗu, wajen sha biyu, muka tsaya a ƙofar da ke jikin ambulan. Na gyara hula. Na hana Saratu, na danna ƙararrawa da kaina. Wani ɗan Indiya ya buɗe da jariri a kafaɗa. Saratu ta yi masa Turanci, ya yi mata. Aji huɗuna ya isa in gane: sun tashi, shekara guda ke nan, bai san inda suka koma ba.

Muka koma mota. Saratu ta ɗora hannu biyu a sitiyari ta zuba wa titi ido. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Uwarta ma haka take yi.

Na ce, "Kira shi."

Chidi ya iso cikin rabin awa. Yaron da na sani da ƙwallo a kwatas, ga shi da furfura a gemu. Ya buɗe ƙofar motar ya rungume ni, ya fashe da kuka tun kafin gaisuwa.

"Papa Bulus, me ya sa ba ku kira ba? Da na ce ku zo da safe. Da safe ne yake ɗan gane mutane. In rana ta juya, shi ke nan."

"Wa ke gane mutane?"

Sai ya faɗa mini. Mantuwa ce ta kama Sufana. Ta fara da makulli, ta koma sunaye, har ranar da aka tsince shi a titi da silifas cikin ƙanƙara, wai zai je loko an kira shi aiki. Chidi da matarsa duka suna aiki. Suka sayar da gidan suka koma kusa da wani gidan kula da tsofaffi, suka sa shi a can.

"To me ya hana ka faɗa mini? Ka bar ni shekara ɗaya da rabi ina zagin mara lafiya?"

Ya sunkuyar da kai. "Papa, in aka ji a Kafanchan cewa na kai ubana gidan tsofaffi, da wane ido za a dube ni? Kai ma da me za ka ce?"

Da a benci na ƙofar gidana aka ba ni labarin, na san abin da zan ce, kuma ba mai daɗi ba ne. Shi kunya ta hana shi ɗaga waya, ni girman kai da tsoro. Tsakaninmu mun cinye safiyar da ta rage.

Ƙarfe biyu muka shiga. Wurin tsaf, da ɗumi, yana warin sabulu da dafaffen karas. Sufana yana zaune bakin taga cikin rigar sanyi, ya rame, hannayen nan da ke murɗa noti kamar wuyan kaza suna kwance a cinya. Na tsaya a gabansa na cire hula don ya ga sanƙon da ya yi shekaru yana yi wa waƙa.

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗan rusuna. "Sannu da zuwa, Fasto. Ranka ya daɗe."

Na sha faɗuwa a gidan mai, amma wannan ta fi zafi. Mutumin da bai taɓa ganina bai ce mini wawa ba, yau yana ba ni girma.

Na zauna. Na kira shi Sufana, ya ce na gode. Na ce masa makaniken banza, wanda ya gyara jirgin Jos ya koma da baya, ya ce amin. Na ba shi labarin kwatas, na lissafa masa direbobi, na buɗe cittar na kai masa hanci. Ya yi atishawa ya ce Allah ya sa albarka. Awa biyu ina jefa guga ba ruwa. Can ya koma kallon taga kamar ba ni a ɗakin.

Saratu ta taɓa kafaɗata. "Baba, an ce wata ƙanƙarar tana tafe. In ba mu fita garin yau ba, jirginka zai tashi ba kai."

Na ajiye accar a kan tebur. Na daddafa na miƙe, na sa hula, na ja kwat. Ban san me ake cewa ba, sai bakina ya faɗi abin da ya saba. "To, ni zan koma."

Sai na ga yana laluben ƙarƙashin kujera da ƙafa. Silifas yake nema. Wata ma'aikaciya ta matso za ta zaunar da shi, Chidi ya tare ta. Sufana ya kama ƙarfen da yake dogarawa, ya miƙe, ya ce, "Mu je in taka maka."

Muka fito baranda, doguwa, ƙofofi dama da hagu kamar taragu. Shi yana tura ƙarfe, ni ina jan gwiwa. Muka kai ƙofar fita, wadda ba ta buɗuwa sai an danna lamba. Ya tsaya, na tsaya. Na dubi tsawon barandar da zai koma shi kaɗai, na ce, "Mu je in mayar da kai." Muka juya. Da muka isa ɗakinsa ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya fasa.

"A'a. Ba zan bar ka ka tsallake layi kai kaɗai ba. Jirgin kaya yana zuwa."

Muka sake juyawa. A tsakiyar hanya na ji ya rage tafiya. Yana kallona daga sama har ƙasa, ya kama hannun kwat ɗina da yatsa biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera.

"Aji Huɗu," ya ce, "wannan kwat, wane gawa ka tuɓe?"

Na riƙe bango. Na ce, "Na ubanka ne. Ya bar mini a wasiyya."

"Ƙarya kake. Ubana yana da hankali." Ya yi dariyar nan tasa mai kama da injin da ya ƙi tashi. "Kullum kai wawa ne. Hannatu ya gama tuwo?"

Shekara shida ke nan da rasuwar Hannatu, kuma shi ne ya riƙe gaban akwatinta. Na ce, "Ta gama. Tana can tana faɗa mun daɗe."

"Bari ya yi faɗa. Magana bai ƙare ba."

Na waiwaya. Saratu tana tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ta toshe baki da gyale. Na ɗaga mata yatsa ɗaya, wato saura sau ɗaya. Ta girgiza kai, ta mayar da makullin cikin jaka, ta nemi kujera ta zauna.

Sau bakwai muka auna barandar nan. Chidi ne ya ƙirga, ni ban ƙirga ba. Ya zagi hulata, ya zagi tafiyata, ya tambaye ni ko an biya albashi. A na bakwai ƙafafunsa suka fara rawa. Na kai shi har kujera, na cire masa silifas, na ja masa bargo. Kafin in miƙe ya rufe ido. Da na zo fita ya buɗe su, ya ce, "Sai an jima, Fasto."

Ban damu ba. Na riga na karɓi zagina.

Dawowar kwana uku ce, kuma ba zan gajiyar da ku da ita ba, ni ma ban gama hutawa ba. Abu ɗaya kawai: tun muna nesa na ce wa Saratu ta kira Garba. Ya yanka kazar, ya kuma rako mu har mota da bargo a ka.

Yanzu ina gida. Kowace Lahadi in an tashi daga coci ni ke kira, Chidi ya kara masa wayar a kunne, lokacin can safiya ce. Wata rana ni Fasto ne, in yi masa addu'a ya ce amin. Wata rana ni wawa ne, ranar nan har ƙarin tuwo nake yi. Da yamma nakan taka zuwa layin dogon da ke tsakanin gidana da tsohon gidansu, in tsaya in duba dama da hagu, ko da yake jirgi ya daɗe bai wuce ba. A Winifeg ni na raka shi na ƙarshe, saboda haka yanzu layinsa ne ya rako ni. Na san Sufana, ba ya barin a fi shi. Yadda za a yi kuwa, Hannatu ta riga ta faɗa.